Shi an bar shi ya sa kilt, ni an hana ni kaftani

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni Bahaushe ne mazaunin Gilasgo a ƙasar Sikotland. Ina aiki a wani kamfani mai sarin kayan gini, kuma shi ya ɗauki nauyin bizata. Ni ke shugabantar masu karɓar odar kwastomomi a kanta, wato teburin da ake sauraron masu saye, amma kusan kullum sai na shiga sito duba kaya. Ƙa'idar suturarmu ta ce wando mai duhu da rigar kamfani. Wani ɗan ƙasar da ke ƙarƙashina ya fara zuwa da kilt, wato tufar gargajiyar mazansu mai kama da siket, ran Juma'a, manaja bai ce masa uffan ba. Ganin haka na tambayi manajan ko zan iya sa kaftani ran Juma'a, ya ce a'a, wai ba ya cikin tsari. Abin ya ci mini rai. Daga baya abokan aiki suka riƙa tsokanar mutumin suna ce masa mai siket, ni ma na yi dariya. Wata rana wata abokiyar aiki ta ɗaga bakin kilt ɗin wai ta ga abin da ke ciki, ina tsaye ban tanka ba. Yanzu ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya ambaci sunana, an kira ni zama mako mai zuwa. Ina tunanin in rubuta cewa kilt ɗinsa ya saɓa wa ƙa'ida, a hana kowa, kowa ya huta. Kuma gaskiya a raina ina ganin namiji da gwiwa a waje bai dace ba. Mece ce mafita?

Wani ɗan'uwa daga Gilasgo

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, takardar nan da kake son rubutawa a kan kilt ɗinsa, ajiye alƙalamin. A cikin duk abubuwan da ka lissafa, ita ce kaɗai za ta iya raba ka da aikinka. Dokar Daidaito ta 2010, wadda ke aiki a Sikotland da Ingila da Wales, ta hana a cutar da ma'aikaci don ya kai ƙorafin wariya ko cin zarafi. Mutum ya ambaci sunanka a ƙorafi, bayan mako guda kai shugabansa ka nemi a hana shi tufarsa: duk wanda ya jera ranakun nan biyu zai karanta ramuwar gayya, ko da kai a ranka neman adalci kake yi. Kuma dokar ba kamfani kawai take kamawa ba. Ana iya sa sunan ma'aikaci shi kansa a ƙarar da aka kai kotun ƙwadago, a ɗora masa diyya daga aljihunsa.

Bayan haka, ko da takardar ta yi aiki, me ka samu? An hana shi kilt, kai ma kaftaninka na nan a ninke cikin akwati, kuma ka jefar da hujja mafi ƙarfi da ke hannunka. Za mu zo kan wannan. Amma ka san matsalolinka biyu ne, ba kuma nauyinsu ɗaya ba. A ɗaya kai ake tuhuma, a ɗaya kai aka ƙware. Ta farkon ce ke da rana a kalanda, da ita za a fara.

Kafin ka shiga zaman, ya kamata ka san abin da aka taɓa. Kilt tufar maza ce, kuma a wurin mutanen tsaunukan Sikotland tufa ce mai tarihin da bai da daɗi. Bayan yaƙin Culloden na 1746, majalisar Birtaniya ta haramta wa mazan yankin sa ta, in ban da waɗanda ke cikin rundunar soja. Wanda aka kama karon farko ɗaurin wata 6 ne, karo na biyu a kore shi zuwa ƙasashen ƙetare na shekara 7. Sai a 1782 aka soke dokar. A 1822 kuma Sarki George na Huɗu ya kai ziyara Edinbura sanye da ita, daga nan ta zama tufar ƙasa baki ɗaya. Yau da ita ango ke zuwa ɗaurin aurensa, da ita ake karɓar digiri, da ita wasu ke raka gawar iyayensu. Wadda aka ɗinka da hannu tana cin kimanin yadi 8 na ulu mai nauyi, bayanta a tattare, gabanta shafi biyu ɗaya bisa ɗaya, ana ɗaure ta da maɗaurin fata a kwankwaso, kuɗinta kuwa ɗaruruwan fam ne. Ba ta da aljihu, shi ya sa ake rataya jakar nan ta fata da suke kira sporran a gaba. Zanen layukan da ke jikin yadin sau da yawa na dangin mutum ne, ko na yankinsu, ko na rundunar da kakansa ya yi wa aiki. To, wannan ne aka yi ta kira siket a gabanka.

Ɗaga ta kuwa ya wuce wasa. Ka sauya mutanen a ranka: a ce namiji ne ya ɗaga siket ɗin wata ma'aikaciya a gaban kanta, kai shugaba kana kallo. Doka ba ta bambanta su ba. Abin da ta kira cin zarafi shi ne duk wani hali da ba a so, mai nasaba da jinsi ko asali, ko mai kama da lalata, wanda ya zubar wa mutum mutunci ko ya mayar masa da wurin aiki wurin wulaƙanci. Ba ta tsaya kan niyyar mai yi ba, tana duba yadda abin ya sauka a kan wanda aka yi wa, da ko mai hankali zai ga dalilin ɓacin ransa. Kotun ƙoli ta farar hula a Sikotland ta riga ta yanke, a shari'ar Souster da BBC Scotland, cewa zama ɗan Sikotland ko ɗan Ingila asali ne da doka ke karewa, don haka tsokanar ma kanta tana iya shiga wariyar asali. Tun daga 26 ga Oktoba 2024 kuma an ɗora wa kamfanoni nauyin ɗaukar matakin hana cin zarafi irin na lalata tun kafin ya faru, kotu na iya ƙara har kashi 25 cikin ɗari a kan diyya idan kamfani ya yi sakaci. Wannan ne dalilin da ya sa sashen kula da ma'aikata ba zai yi wasa da maganar ba, kuma shi ya sa shirunka ya dame su: a idon kamfani, shugaban sashe da ke tsaye a wurin shi ne matakin farko na hanawa. A sani kuma, ɗaukar hoto ta ƙarƙashin kilt laifi ne na 'yan sanda a Sikotland da Ingila. Idan ka san wani ya ɗaga waya a ranar, ka faɗa a zaman.

Ga yadda za ka shirya. Yau ɗin nan ka aika imel ga wanda ya gayyace ka, ka tambayi abu uku: shin zaman na bincike ne ko na ladabtarwa, kai shaida ne ko wanda ake tuhuma, kuma mene ne ainihin abin da aka ce ka yi. Ka nemi kwafin ƙa'idar sutura da ta hana cin zarafi da ta ladabtarwa. Bambancin zaman biyu yana da amfani. A zaman ladabtarwa doka ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. A zaman bincike ba dole ba ne su yarda, amma ka roƙa, da yawa sukan amince. Idan kana cikin ƙungiyar ƙwadago irin su Usdaw ko GMB ko Unite, kira wakilinka kafin ka ce komai. Idan ba ka cikin kowace, hukumar ACAS mai sasanta ma'aikata da kamfanoni tana ba da shawara kyauta ta waya, haka ma Citizens Advice.

Sannan ka zauna ka rubuta abin da ya faru da hannunka: rana, wuri, waɗanda ke nan, abin da kowa ya faɗa, abin da kai ka yi. A zaman ka faɗi gaskiya a taƙaice. Ka ji tsokanar, ka yi dariya, ka ga an ɗaga, ba ka hana ba, kuma a matsayinka na shugaba ya kamata ka hana. Inda mutane ke faɗawa rami wuri uku ne. Na farko musun abin da wasu mutum huɗu suka gani, ga kuma kyamara a saman kanta. Daga nan maganar ta tashi daga sakaci ta koma ƙarya, ƙarya kuwa ita ake korar mutum a kanta. Na biyu cewa "wasa ne kawai", wanda mai bincike zai rubuta a matsayin shaidar cewa har yanzu ba ka gane ba. Na uku jawo maganar kaftani a matsayin uzuri. Da zarar ka ce ranka a ɓace yake don an bar shi an hana ka, ka ba su dalilin da ya sa ka ƙyale ana wulaƙanta shi, da bakinka. Idan an gama, ka nemi a ba ka rubutun zaman, ka karanta a natse kafin ka sa hannu, ka gyara duk inda aka sa maka abin da ba ka faɗa ba.

Haƙuri fa? Ka ba shi, amma ba a bayan sito ba. A al'adarmu mutum yakan ja wanda ya ɓata wa gefe, ko ya tura dattijo, a kashe magana. A can, shugaba ya keɓe da wanda ya kai ƙararsa yayin da bincike ke gudana, ana iya fassara shi da matsin lamba a janye ƙorafi. Ka gaya wa mai binciken cewa kana son ba shi haƙuri, su shirya yadda za a yi. Kafin nan, kada ka sauya masa jadawali, kada ka hana shi hutun da ka saba ba shi, kada ka daina gaishe shi. Idan aka sake kiran sa mai siket a gabanka, ka ce a bari nan take, ka rubuta cewa ka faɗa.

Sai maganarka, wadda ke da tushe fiye da yadda kake zato. Dokar Birtaniya ba ta ba kowa haƙƙin sa tufar gargajiyarsa a wurin aiki kai tsaye ba. Ba ta ba ɗan Sikotland kilt ba, ba ta ba Bahaushe kaftani ba. Kamfani na da ikon ya ce ga abin da za a sa, musamman ga masu tsayawa gaban kwastoma. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sassauta wa wani asali ya tsaurara wa wani a aiki iri ɗaya. Da manajanku ya hana kowa, da hujjarka ta yi rauni, domin sai ka nuna cewa dokar wando da rigar kamfani tana takura wa Hausawa ko Musulmi fiye da sauran mutane, kaftani kuwa ba wajibin addini ba ne, kowa ya san ana sallar Juma'a da wando da shat mai sutura. Amma tunda ya buɗe ƙofa ga tufar gargajiya guda, tambayar ta sauya: me ya sa ta wannan ta shiga, ta wancan ba ta shiga ba? Idan amsar ita ce tasa ta gida ce, taka ta baƙi, wannan wariya ce kai tsaye a kan asali, irin wadda doka ba ta karɓar uzuri a kanta. Kilt ɗin mutumin nan shi ne ma'aunin da za a auna ka da shi. In ka sa aka hana shi, ka karya ma'aunin.

Sai dai akwai wata ƙofa da kamfani zai iya fita ta cikinta, kuma kai da kanka ka nuna ta a wasiƙarka: kana shiga sito kusan kullum. Doka na kwatanta mutum biyu ne idan yanayin aikinsu bai bambanta ta wata muhimmiyar fuska ba. Idan shi a kanta yake wuni, kai kuma kana ratsawa tsakanin injin ɗaga kaya da katakon lodi, manaja zai ce ba asali ya duba ba, haɗari ya duba. Kotuna suna sauraron wannan hujjar sosai. A 2013 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke wa mata biyu Kirista hukunci a rana ɗaya kan sarƙar gicciye. Nadia Eweida, ma'aikaciyar British Airways, ta yi nasara, domin dalilin kamfanin bai wuce kyan kamannin yunifom ba, ga shi kuma yana barin rawanin mabiya addinin Sikh da hijabi. Shirley Chaplin, ma'aikaciyar jinya, ta faɗi, domin asibiti ya nuna majinyaci na iya fizgar sarƙar ko ta taɓa rauni. A wata shari'a da aka yanke a 2015, wata Musulma da ta nemi aiki a gidan renon yara ta yi ƙara kan tambayar da aka yi mata game da tsawon jilbabinta, kotu ta ce neman kada tufa ta zama abin tuntuɓe a inda ake ɗaukar jarirai ba wariya ba ne. Tsarin a bayyane yake: hujjar "ba mu saba gani ba" tana faɗuwa, hujjar haɗari na gaske tana tsayawa.

Don haka ka toshe wannan ƙofa tun kafin a buɗe ta, kuma a nan ne tela zai fi lauya amfani. Abin da ke kawo haɗari a sito sananne ne: tufa mai faɗi da injin da ke juyawa zai iya kamawa, tsawon da za a taka a kan tsani ko matakala, hannun riga mai lilo, da duk abin da zai rufe rigar nan mai ƙyalli da direban injin ɗaga kaya ke hango mutum da ita. Babbar riga ta fita daga lissafi, kada ma ka ambace ta. Dogon kaftani mai kaiwa idon sawu shi ma zai sha suka. Abin da zai wuce shi ne jamfa ko gajeren kaftani da bai wuce gwiwa ba, tsagin gefensa gajere, hannunsa mai maɓalli a wuyan hannu ba buɗaɗɗe ba, da wando mai matsattsen ƙafa wanda zai zauna a kan takalmin kariya mai ƙarfe a baki. A zaɓi yadi mai duhu, kusa da launin kamfani, ba farar shadda mai sitati da ƙurar siminti za ta ɓata kafin azahar ba. Bajon sunanka ya kasance a ƙirji inda kwastoma zai gani. Hula ka sa ta in kana wurin kanta, amma duk inda aka wajabta hular kwano, cire ta za ka yi. Sassaucin da doka ta yi a nan na Sikh masu rawani ne kaɗai, tun dokar 1989 da aka faɗaɗa a 2015, bai shafi zanna ko kufi ba. In kuma kamfani ya ce ko gajeren ma bai yarda da shi a sito ba, ka ba da mafita da kanka: za ka ajiye wando da rigar kamfani a loka ka sauya, ko ka mayar da zagayen sito na Juma'a zuwa safiya kafin ka sa kaftanin.

Wannan awo ɗin ya hau kan kilt ma. Gwiwa a buɗe kusa da katako mai ƙusa, sarƙar sporran kusa da inji, hawa tsani: duk dalilai ne da za su sa a ce a sito kowa wando. Akwai kuma 'yar wuƙar da ake sokewa a safa, sgian-dubh. Doka ta yarda a ɗauke ta a matsayin ɓangaren tufar ƙasa, amma kamfani na iya cewa ba a shigo da ita wurin aiki, mafi yawan masu sa kilt zuwa aiki ma a gida suke barin ta. Amma wannan ba kai za ka ɗago shi yanzu ba. Idan akwai haɗari na gaske, na jami'in lafiya da kariya ne, bayan an rufe ƙorafin.

Buƙatarka ka rubuta ta, domin "a'a" ta baki a bakin ƙofa ba ta da amfani ga kowa. Ka jira a kammala binciken, sannan ka aika wa manaja imel, ka sa sashen kula da ma'aikata a kwafi. Kada ta wuce rabin shafi. Ka ce kana neman izinin sa tufar gargajiyarka ran Juma'a, ka bayyana ta kamar yadda muka zayyana, ka haɗa da hoton kanka sanye da ita da takalmin aiki da rigar ƙyalli a sama. Hoton nan yana kashe rabin gardama, saboda mai yiwuwa manajan da ya ji kalmar kaftani wata doguwar riga mai jan ƙasa ya hango. Ka ambaci ranar da ka fara tambaya da amsar da aka ba ka. Ka ce ka lura kamfani yana barin tufar gargajiya ran Juma'a, kana maraba da hakan, kana son a yi maka daidai. Ka ba da shawarar gwaji na wata guda. Ka nemi amsa a rubuce cikin mako biyu, in kuma a'a ce, a faɗi dalili. Kada ka sa sunan abokin aikinka, kada ka sa kalmar wariya ko kotu a wasiƙar farko. Manajan da aka bar wa hanyar sauya ra'ayi ba tare da jin kunya ba yakan sauya.

Kada kuma ka cusa maganar fita sallar Juma'a a cikin wannan imel, in kana da ita. Buƙata ce daban mai hujjoji daban, ta addini ce ba ta asali ba, kuma ta shafi jadawali da wanda zai tsaya a kanta. In ka haɗa su, za a ƙi mai wuyar a tafi da mai sauƙin.

Idan aka ƙi ba tare da dalili ba, ko aka kawo dalilin da bai hau kan kilt ba alhali ya kamata ya hau, mataki na gaba ƙorafi ne a rubuce ta hanyar da kamfani ya tsara, kuma a wannan zaman kana da haƙƙin zuwa da wakili. In ba ka gamsu ba ka ɗaukaka a cikin gida. Bayan nan sai ACAS, wadda dole a sanar da ita don neman sulhu kafin a je kotun ƙwadago. Ka riƙe wa'adin wata 3 ban da kwana 1 daga ranar da aka hana ka, kuma ka sani ƙorafin cikin gida ba ya tsayar da wannan agogo. Mutane da yawa sun rasa ƙararsu suna jiran amsar kamfani. Wannan ne ma ya sa in binciken ya ja lokaci har wa'adin ya matso, ba za ka ci gaba da jira ba, sai ka aika buƙatar ka kuma tuntuɓi ACAS. Ƙarar wariya ba ta bukatar ka yi wasu shekaru a aiki kafin ka shigar.

Mun faɗi wannan don ka san iyakar haƙƙinka, ba don muna ganin can za a kai ba. Ra'ayinmu shi ne kaftanin Juma'a bai kai a je kotu ba ga mutumin da bizarsa ke rataye da kamfani. Doka ta hana a kore ka don ka yi ƙorafin wariya, gaskiya ne, amma idan aiki ya ƙare ta kowace hanya, kamfani zai sanar da ma'aikatar cikin gida, kuma a bisa al'ada kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Shari'a kuwa takan ɗauki watanni da yawa. Ka auna wannan da iyalinka a zuciya. Wasiƙa mai ladabi da hoto ba ta da wannan haɗarin, kuma ita ce ta fi yiwuwar kawo maka abin da kake so.

Saura abin da ka faɗa a ƙarshe, na gwiwa a waje. Hukuncin al'aura tsakanin cibiya da gwiwa kai ya hau, kai za ka kiyaye shi a jikinka, ba a ɗora maka aiwatar da shi a kan ma'aikacin da ba addininku ɗaya ba. Ba wanda ya ce sai ka so kilt ko ka yaba ta. Abin da aikinka ya nema shi ne kada ra'ayin ya fito a bakinka ko a yadda kake raba aiki. Idan kuma abin da ke damun ka shi ne kamar namiji ya sa kayan mata, ka tuna mazan Yaman da Somaliya da Indonesiya da zane suke zuwa masallaci, dattawan Ibo da na yankin Neja Delta da zane suke zuwa taro, alhaji ma da gyauto biyu marasa ɗinki yake ɗawafi. Kowace al'umma ita ke faɗin wace tufa ce ta mazanta. Musulmin Sikotland kansu sun daɗe da shiga ciki: a 2012 aka fito da zanen kilt na Musulmi, mai shuɗin tutar ƙasar da kore da fararen layuka biyar na shika-shikan Musulunci, kuma a 2016 Humza Yousaf, wanda daga baya ya zama Ministan Farko, wato shugaban gwamnatin Sikotland, ya yi rantsuwar shiga majalisa da Turanci da Urdu sanye da kilt. Masu son sa ta a cikinsu sukan sa a ɗinka ta ta sauko ta rufe gwiwa, su ja safa ta haɗe da ita.

Idan ƙura ta lafa, akwai abu guda da kai a matsayinka na shugaban sashe za ka iya kawowa wanda zai amfani kowa, har da matar da za ta zo gobe da hijabi ko ɗan Ghana mai son sa kente. Ku nemi a gyara ƙa'idar suturar ta daina lissafa sunayen tufafi, ta koma faɗin abin da ake buƙata a kowane wuri. A kanta: tufa mai tsabta, bajo a bayyane, an yarda da tufar gargajiya ko ta addini. A sito: ƙafa a rufe har idon sawu, takalmin kariya, rigar ƙyalli a sama, babu abin da ke lilo. A ƙara layi guda cewa taɓa tufar wani ko yi masa ba'a a kanta laifin ladabtarwa ne, da sunan ofishin da za a kai buƙata da kwanakin da za a ba da amsa. Ka kai shawarar ta hannun wakilin ma'aikata ko a taron shugabannin sashe, kuma in mutumin ya karɓi haƙurinka, ka tambaye shi ko zai sa hannu tare da kai.